Wasiƙar Ɗa Ga Mahaifiyarsa Wadda Ta Zama Waƙar Addu'a a Ƙasar Yauri

Daga cikin waƙoƙin da Kiristocin ƙasar Yauri suka gada daga Turawan mishan, waɗanda ake rerawa a majami'un Yelwa da na ƙauyukan Ngaski da Shanga ran Lahadi da safe, ko kuwa a gidan makoki sa'ad da rana ta yi sanyi, akwai wata guda wadda karinta ya shiga kunnen jama'a har ya zamana Musulmin da ke maƙwabtaka da coci ma yakan gane ta tun daga nesa, ko da bai taɓa tsayawa ya saurari abin da take faɗa ba. Sunanta da Turanci What a Friend We Have in Jesus, maganarta kuwa tun daga farko har ƙarshe a kan addu'a take, watau kai kuka ga Ubangiji a lokacin ƙunci. Na ga ya kyautu a ba da tarihinta a nan, domin da yawa daga masu rera ta sun ɗauka wani babban malamin majami'a ne ya tsara ta don taron sujada, alhali kuwa asalinta wasiƙa ce da wani ɗa ya aika wa mahaifiyarsa daga uwa duniya, ɗan da ruwa ya yi wa ɓarna sau biyu kafin ya ci shi kansa a karo na uku. Mutanen da suke zaune a bakin Kwara ba su bukatar a yi musu dogon sharhi a kan irin wannan musiba.

An haifi mai waƙar, Joseph Scriven, ran 10 ga watan Satumba na 1819, kusa da garin Banbridge da ke arewacin tsibirin Ailan, a gida na rufin asiri da mutunci, gama mahaifinsa hafsa ne a cikin sojan Sarkin Ingila. An so shi ma ya bi sawun uban, har aka kai shi makarantar horon hafsoshi, amma jikinsa bai ɗauki wahalar soja ba, sai ya koma ga littafi, ya sami digirinsa a Kwalejin Trinity ta birnin Dablin a 1842. A cikin shekarun samartakarsa ne ya shiga wata jama'a ta Kirista da ake kira 'Yan'uwan Plymouth, mutanen da suka ƙi tsarin limamai masu muƙami da manyan riguna, suka ce kowane mai bi yana da ikon ya buɗe Littafi ya karanta, ya kuma roƙi Ubangijinsa ba tare da wani shugaban addini ya tsaya masa a tsakani ba. Wannan aƙida ta jawo sanyin zumunci tsakaninsa da danginsa, kuma wanda ya san da ita zai fi saurin gane dalilin da ya sa waƙarsa ba ta ambaci limami ko bagadi ko wani wuri na musamman ba, sai bawa da wanda yake roƙo kaɗai.

Bai daɗe da gama karatu ba aka sa masa ranar aure da wata yarinya ta garinsu. Ana gobe biki, tana bisa doki za ta ƙetare kogin Bann, sai ta faɗa cikin ruwa, aka tsamo ta ba rai. Zama a wannan gari ya gagare shi bayan haka, saboda haka wajen 1845, yana da shekara kamar ashirin da biyar, ya shiga jirgi ya yi ƙaura zuwa Kanada. Can ya yi ta koyarwa a wurare dabam-dabam cikin lardin Ontariyo, daga bisani ya zauna a yankin Port Hope da bakin wani tafki da ake kira Rice, inda wani tsohon hafsan jirgin ruwa mai suna Pengelly ya ɗauke shi malamin gida.

Irin zaman da ya yi a can shi ne abin da ya fi jan hankalina a cikin tarihinsa duka. Mutum ne mai digiri a zamanin da masu digiri ba su da yawa, ɗan manyan mutane kuma, amma sai ya ɗauki wa'azin da Yesu ya yi a kan dutse, kamar yadda yake a cikin Linjilar Matiyu, ya mai da shi dokar rayuwarsa harafi da harafi. Abin da ya samu sai ya rabar, har tufafin jikinsa yakan tuɓe ya ba wanda ya fi shi bukata, a ƙasar da sanyinta yake kisa. Mutanen Port Hope sun saba ganinsa da sassafe cikin dusar ƙanƙara, da tsofaffin kaya irin na leburori, ya saɓa zarto a kafaɗa, yana bi gida-gida wurin marasa lafiya da matan da mazansu suka mutu, yana yanka musu itacen da za su hura wuta. An ruwaito cewa wani mai hali ya gan shi yana wucewa da zartonsa, ya ga alamar mutum ne mai himma, ya nemi a kira masa shi ya ba shi aiki, sai aka gaya masa ai wannan ba ya yanka wa wanda yake da abin biya. Waɗansu sun ɗauke shi waliyyi, waɗansu sun ɗauke shi mai taɓin hankali, musamman da yake yakan tsaya a bakin titi yana wa'azi ko ana saurare ko ba a yi.

Wajen 1855 labari ya iske shi cewa mahaifiyarsa tana cikin ciwo da baƙin ciki a Ailan. Tsakaninsu akwai teku, hannunsa kuma babu abin da zai kai shi, tun da ya riga ya rabar da abin da ya mallaka, sai ya zauna ya rubuta mata 'yan baitoci ya sa a cikin wasiƙa, ya ɗauko musu suna daga umurnin nan na manzo Bulus ga mutanen Tasalonika a kan dawwama cikin addu'a. Bai yi nufin wani ya gani ba sai ita. Ko a 1869, sa'ad da ya buga ɗan littafin waƙoƙinsa, bai sa wannan a ciki ba, ko da yake a lokacin ta riga ta fita duniya, gama an buga ta a Amurka a 1865 ba da sunan kowa ba. Masu wa'azi sukan so su ce mutuwar budurwarsa ta biyu ce ta sa ya rubuta ta, domin labarin ya fi daɗin faɗa a haka, amma lissafin shekaru bai goyi bayansu ba. Ita wannan ta biyun, Eliza Roche, 'yar'uwar iyalin Pengelly, a 1860 ta rasu, bayan an yi mata baftisma ta nutsarwa a cikin tafkin Rice tun ruwan bai gama hucewa daga sanyin hunturu ba, ciwon huhu ya kama ta, ta tafi kafin ranar aurensu. Ashe ke nan ya riga ya rubuta wa kansa ta'aziyya shekara biyar kafin musibar ta zo. Bai sake neman aure ba. A watan Agusta na 1886, yana kwance da zazzaɓi mai tsanani a gidan wani abokinsa kusa da ƙauyen Bewdley, ya fita daga ɗaki da dare, da gari ya waye aka same shi a cikin ruwan wata 'yar madatsa kusa da gidan. An binne shi a maƙabartar iyalin Pengelly, kusa da kabarin Eliza.

To, me waƙar take cewa? Baitoci uku aka saba rerawa. Na farko yana kafa hujja ne, cewa Yesu aboki ne mai ɗaukar nauyin zunubi da baƙin cikin masu binsa, kuma yawancin rashin kwanciyar ran da mutane suke fama da shi ya samo asali ne daga ƙin kai al'amuransu ga Allah cikin addu'a. Na biyu yana magana da wanda jarrabawa ta same shi, yana hana shi fid da zuciya, yana tuna masa cewa wanda yake roƙo ya san rauninsa tun kafin ya faɗa. Na uku shi ne ya fi taɓa zuciya, domin yana magana da wanda ya gaji, wanda abokansa suka raina shi suka watse suka bar shi, kuma duk wanda ya san yadda dangin Scriven suka ja da baya daga gare shi, da yadda ake yi masa ba'a a titi, zai gane cewa abin da ya ɗanɗana ne yake faɗa. Masana Littafi Mai Tsarki suna mai da ma'anoninta ga sura ta 15 ta Linjilar Yohanna, inda Yesu ya kira almajiransa abokai, da sura ta 11 ta Matiyu, inda ya gayyaci masu nauyin kaya, da kuma wasiƙar Bulus ga mutanen Filibi, inda ya hana su damuwa ya umurce su da roƙo. Abin lura kuwa, a ganina, shi ne abin da waƙar ta ƙi yin alkawarinsa. Ba ta ce wa mai addu'a zai yi arziki ba, ba ta ce ciwonsa zai warke gobe ba, ba ta ce maƙiyansa za su hallaka ba. Iyakar abin da ta yi masa bushara da shi shi ne samun wanda zai saurare shi, da natsuwar da ke biyo bayan haka. A wannan zamani da addu'a take neman zama haja a hannun waɗansu, a coci da wajen coci, irin wannan kamun kai na mawaƙi abu ne mai daraja.

Da baitocin sun tsaya a takarda, da wataƙila sun tsufa a cikin akwatin wata tsohuwa a Ailan. Wanda ya ba su ƙafafu shi ne Charles Converse, wani lauya Ba'amurke da ya yi karatun kiɗa a birnin Leipzig na Jamus, wanda ya ɗora musu kari a 1868. Hikimar wannan kari tana cikin sauƙinsa: an kasa shi huɗu, kashi na farko da na biyu da na huɗu kusan ɗaya ne, na uku kaɗai ya ɗan sauya hanya kafin a komo, sa'an nan murya ba ta hawa can sama ko ta sauka can ƙasa, ta yadda tsoho da yaro, mai zaƙin murya da wanda ba shi da ita, duk za su iya bi daga ji biyu ko uku. Bayan haka sai ta faɗa hannun Ira Sankey, mawaƙin da yake yawo da shahararren mai wa'azi Dwight Moody, suna tara dubban mutane a biranen Amurka da Ingila. A 1875 Sankey da abokinsa Philip Bliss suka sa ta a cikin littafin waƙoƙin da suka buga, ita ce ta ƙarshe da aka ƙara a ciki, suka jingina ta bisa kuskure ga wani malami ɗan Sikotilan, Horatius Bonar, sai da shi Bonar ya ce ba tasa ba ce. Sunan Scriven bai hau kanta ba sai wajen ƙarshen rayuwarsa, bai kuwa ci ko anini daga gare ta ba. Babban kundin Sankey mai suna Sacred Songs and Solos ya bi jiragen ruwan Ingila ya shiga kowace ƙasa da 'yan mishan suka taka, har yau kuma ana samunsa a majami'un Nijeriya.

Hanyar da ta biyo ta iso mana tana da abin mamaki, domin daga lardin da aka rubuta ta ne mutanen da suka kawo bishara wannan yanki suka fito. Tsakanin Port Hope da birnin Toronto bai wuce kilomita 100 da 'yan kai ba, a Toronto ɗin kuwa aka ƙulla tafiyar samari uku, Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent, waɗanda suka sauka a Ikko a 1893 da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa suke kiran ƙasashenmu a lokacin. Biyu daga cikinsu suka mutu a shekara ta gaba, Gowans a Girku, Kent a Bida, Bingham ne kaɗai ya koma, kuma daga wannan yunƙuri ne mishan ɗin SIM ya fito, wanda ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954. A cikin ayarin da Bingham ya sake turowa a 1901 akwai wani saurayi, A. W. Banfield, wanda ya zauna a Patigi ya ƙware a Nufanci har ya fassara Littafi Mai Tsarki da shi. A 1905 ya komo a ƙarƙashin ikilisiyarsa ta gida, wata jama'a ta Menonawa mai ƙarfi a Ontariyo, ya kafa tasha a Tsonga a bakin Kwara. Wannan mishan, wanda daga baya aka san shi da UMS, shi ne ya yi ta hawowa kogi sannu a hankali, Jebba da Mokwa, sa'an nan a cikin shekarun 1920 ya kai Salka a ƙasar Kambari da Zuru a ƙasar Dakarkari, daga bisani ya buɗe tasha a Yelwa da asibiti a Tungan Magajiya. Ikilisiyar UMCA, wadda take da rassa a ƙasar Yauri da Zuru da Kwantagora, ita ce magajiyarsa.

Dalilin da ya sa suka nufi Kambari da Dukawa da Dakarkari sananne ne. Bayan da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, gwamnatin Turawa kuma ta daɗe tana hana 'yan mishan yin wa'azi a garuruwan Musulmi, sai ta sake musu hanya zuwa ga ƙabilun da suke kan addinin gargajiya. Amma da suka isa can sai suka tarar da harsuna barkatai, Kambarci kansa ba iri ɗaya ba ne, ga Gunganci ga Shanganci ga Dukanci, Bature guda kuwa ba zai iya koyonsu duka ba ko da zai ƙare ransa a kai. Harshen da ya haɗa waɗannan mutane a kasuwa da fada shi ne Hausa, saboda haka shi aka ɗauka. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da waɗansu Turawa da malaman ƙasa, aka kuma tara waƙoƙin da aka fassara a cikin kundin da kowane Kiristan Arewa ya sani da suna Littafin Waƙoƙi. Ta haka ne aka wayi gari Bakambare yana kai kukansa ga Allah da harshen Hausa, a bisa karin da lauya Ba'amurke ya tsara wa baitocin mutumin Ailan. Masu nazarin Hausa ba su cika ba majami'a haƙƙinta ba a cikin tarihin yaɗuwar wannan harshe, alhali kuwa akwai dubban mutane a Arewa waɗanda a cikin Littafin Waƙoƙi suka fara haɗa baƙi da wasali na boko.

Gaskiya ne cewa wanda ya tashi da waƙoƙin wa'azi da na madahu na malamanmu, waɗanda aka auna da ma'aunin aruli, kowane ɗango da nauyinsa, kowane baiti da ƙafiyarsa, zai ji wani abu ya ɗan tsaya masa a kunne idan ya saurari waƙoƙin mishan na farko. Dalili shi ne Bature ƙidayar gaɓoɓi yake yi, a wannan waƙa takwas ne da bakwai suna bin juna, Bahaushe kuwa nauyin gaɓa yake aunawa, mai tsawo da gajera, ga kuma hawa da saukar murya wanda yake rarrabe ma'anar kalmominmu. Da aka zo fassara, karin Converse ne ya yi mulki, kalmomi suka bi shi dole, har a ja gaɓar da ba a ja a magana, a ɗaga muryar da ya kamata a sauke. Amma jama'a sun gyara da bakinsu abin da alƙalami ya kasa. Sun rage mata sauri, sun ba ta nauyi, matan zumuntar majami'u kuma sun sa mata tulu da kacau-kacau, har ta zama ba ta yi kama da yadda ake rera ta a Toronto ba.

Wanda yake so ya ga aikin wannan waƙa da idonsa, to, ya je gidan makokin Kirista a unguwannin Yelwa. Za a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maza suna kan benci a ƙofar gida tare da maƙwabtansu Musulmi da suka zo gaisuwa, matan zumunta kuma su shigo a jere da zanensu iri ɗaya, su kewaye wadda aka yi wa rashi. Ɗaya daga cikinsu za ta ɗora tulu a cinya, ta riƙa bugun bakinsa da wani ɗan faifan soso, sautin yana fita can ƙasa, wata dattijuwa kuma ta ɗauko Littafin Waƙoƙi wanda bangonsa ya tsufa har an ɗinke shi da zare, ta buɗe, ko da yake ba ta duba shi, gama tun tana yarinya ta haddace. Idan suka ɗauki waƙar, mai makoki takan yi shiru a baiti na farko, kanta a sunkuye, a na biyu leɓɓanta su fara motsi, kafin a kai ƙarshen na uku sai a ji muryarta a cikin na sauran, hawaye yana zuba amma tana rerawa. Ba wanda ya yi mata wa'azi, ba wanda ya ce mata ta daina kuka. An dai ba ta kalmomin da za ta faɗa a lokacin da nata suka ƙare, wannan kuwa shi ne ainihin abin da Scriven ya yi wa mahaifiyarsa.

Ƙasar Yauri ta san kuka na ruwa. Sa'ad da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da gonakin fadama, aka tashi mutum fiye da 40,000, a cikinsu har da Gungawa waɗanda suka bar tsibiran kakanninsu da kaburburansu a ƙarƙashin ruwa. Itatuwan da ruwan ya rufe sun bar kututture a ɓoye, suna jiran jiragen da aka cika fiye da ƙima. Ran 26 ga watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja ya nufo Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, da mutum fiye da 150 a ciki, ya tsage a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. Ba a yi wata guda ba, ran 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai, waɗansu daga cikinsu ba su ga iyayensu ba sai a 2023. A waɗannan kwanaki masallatai sun yi alƙunutu, majami'u sun yi azumi da addu'a, iyaye Musulmi da Kirista sun zauna a inuwa ɗaya suna jiran labari ɗaya. Sai dai a nan ne ya wajaba a tuna da zarton Scriven. Mutumin da ya ce a kai kome ga Allah shi ne kuma yake tashi da asuba ya yanka wa marasa ƙarfi itace, bai taɓa mai da addu'a madadin aikin da hannunsa zai iya ba. Malamanmu ma sun karantar da cewa tawakkali ba ya inganta sai an riƙi sababi. Mai jirgin da ya loda mutane da buhuna da babura har ruwa ya kusa bakin jirgi, ba rigar kariya ko ɗaya, sa'an nan ya ce a yi addu'a a tashi, ba shi da hujja a wannan waƙa, ba shi da ita kuma a littattafan fiƙihu.

Ya kamata in yi magana a fili da mai karatu Musulmi. Tsakanin aƙidar waƙar nan da aƙidar Musulunci akwai bambanci na asali wanda ba ya ɓoyuwa, ba kuwa alheri ba ne a yi kamar babu shi. Kirista yana ɗaukar Yesu Mai Ceto ne wanda ake roƙo da sunansa, Musulmi kuwa yana girmama Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a matsayin bawan Allah kuma ManzonSa, ba ya kuma fuskantar da addu'a ga kowa sai Allah Shi kaɗai. Kowa ya riƙe nasa. Amma halin da waƙar take bayyanawa, na bawan da duniya ta yi wa ƙunci ya rasa wanda zai gaya wa, ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta Suratu Yusuf ya ga yadda Annabi Yaƙubu ya juya wa 'ya'yansa baya ya kai ƙarar baƙin cikinsa ga Allah, ko wanda ya yi tadabburin ayar nan ta Suratul Baƙara mai ba da labarin kusancin Ubangiji ga mai kiranSa. Sanin abin da maƙwabcinka yake faɗa sa'ad da yake kuka ba ya rage maka imani, yana dai rage zato, zato kuwa ya ci rayuka da yawa a Arewa.

A sauran duniya waƙar ta shiga wuraren da mai ita bai taɓa tsammani ba. A Japan, inda Kirista ba su da yawa, ana rera ta a wurin ɗaurin aure, an kuma ɗora wa karinta wata waƙar makaranta a kan taurari. Sojojin Ingila a Yaƙin Duniya na Farko sun sauya mata kalmomi suna rera ƙosawarsu da yaƙi a cikin ramuka, shahararriyar mawaƙiyar nan ta Amurka, Aretha Franklin, ta sa ta a faifanta na 1972. Yarabawa da Ibo mazauna Yelwa suna da ita da harsunansu. A Port Hope da bakin kabarinsa an kafa wa Scriven duwatsun tunawa, haka kuma a Banbridge.

A nan gida kuwa al'amarin yana sauyawa. Samarin majami'a sun fi karkata ga gajerun waƙoƙin Turanci da ake maimaitawa da jita da gangunan zamani da lasifika, Littafin Waƙoƙi kuma yana komawa hannun tsofaffi da ranar jana'iza. Waɗanda suka zauna a gaban Turawan UMS suka koyi waɗannan waƙoƙi baki da baki, da masu bisharar farko na Kambari da Dukawa da Gungawa waɗanda suka bi ƙauyuka a ƙafa da kwalekwale suna koya wa mutane, saura kaɗan suka rage, sunayen Turawa kuma sun shiga littattafai, nasu ba su shiga ba. Ina roƙon dattawan ikilisiyoyin Yelwa da Wara da Shanga, da ɗalibanmu masu nazarin tarihi da harshe a jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano, su ɗauki na'urar ɗaukar magana su je wurin waɗannan tsofaffi tun suna da rai, su tambaye su wa ya koya musu, a wane gari, a wace shekara, su kuma sa su rera yadda aka koya musu, a rubuta a ajiye.